Ranar da Na Yi wa Ƙahona Wanka

An zalunce ni, jama'a, kuma tun da ni ke rubuta labaran ƙungiyarmu, ba zan jira wani ya rubuta nawa ba. In na bar wa Mai Aski, ƙarya zai shara. In na bar wa matata, gaskiya za ta faɗa, ita kuwa ta fi ciwo.

Ƙungiyarmu ta 'yan badujalar unguwa ce. Mu goma sha bakwai ne, masu begila da masu ƙahoni manya da ƙanana, da masu ganga biyu. Kowa da sana'arsa. Duk Talata da Juma'a da yamma muke haɗuwa a ɗakin taron makarantar firamare, mu zauna a kujerun yara, gwiwa na gaisawa da haɓa, mu yi ta busa. Shugabanmu Hedimasta ne, ya yi ritaya daga koyarwa amma bai yi ritaya daga harara ba. Ni kuwa mai fenti ne, mai rubuta allunan shaguna, shi ya sa allon labarai da ke jikin ƙofa yake hannuna: wa ya samu ƙaruwa, wa ya kwanta asibiti, wa ya makara, ina za mu yi wasa. In kun ga sunana ya fi na kowa kauri a allon, laifin burushi ne.

Shekara tara ina busa ƙaho matsakaici, irin wanda ake runguma kamar jariri, bakinsa na kallon sama. A sahu na biyu nake. Kuma shekara tara Hedimasta yana kafa misali da ni. In masu begila suka cika kunne, sai ya buga sandarsa a tebur ya ce, "Ku saurari Mai Fenti. Kun ji shi?"

Su ce, "Ba mu ji ba, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To haka ake busa. Taushi!"

Ni kuma in sunkuyar da kai, don ba na son yabo a gaban mutane fiye da sau biyu a rana.

Ana nan sai likita ya cire wa Baba haƙoran gaba guda huɗu. Baba shi ne ya riƙe kujerar gaba ta masu irin ƙahona tun kafin wasunmu su fara aske gemu. Mai busa ƙaho kuwa da haƙoran gaba yake tokare bakin ƙaho. Babu su, babu busa. Ya zo ranar Talata ya gwada, iska ta tsere ta giɓin, ya ajiye ƙahon ya ce, "Na fallama," wai "Na sallama" yake nufi. Daga ranar ya zama Baba Giɓi, kujerarsa ta zama babu kowa.

Ku san darajar kujerar nan. Mai ita ke dab da Hedimasta. Shi ke tashi tsaye in an zo wurin da ƙaho ɗaya ke busa shi kaɗai. Shi ke fitowa a hoto da fuska cikakkiya. Ni shekara tara kunnena na hagu ne kawai ke wakiltata a hotunan ƙungiya.

Hedimasta ya ce, "Ranar Asabar za mu yi wasa a bikin buɗe sabuwar gadar ƙafa da aka yi a kan babban titi. Wurin da Baba ke busawa shi kaɗai, Nas ɗinmu ta asibiti za ta riƙe mana da begilarta. Bayan wasa zan faɗi wanda zai gaji kujera."

Mu biyu ne muka gyara zama: ni da Mai Aski. Shagonsa na jikin nawa, ƙahonsa irin nawa, kujerarsa na gefen tawa. Duk inda na juya a duniyar nan, ƙamshin hodarsa ne.

Washegari ya leƙo shagona ya ce, "Mai Fenti, na ga gashin bakinka ya yi baƙi wul cikin dare ɗaya. Da fentin ƙofa ka yi?"

Na ce, "Kai dai fara koyon zama a bayana."

"Shekara tara ina gefenka, wallahi ban san muryar ƙahonka ba. In na gamu da ita a hanya ba zan gaishe ta ba."

"Kunnen da injin aski ya cinye, ina zai ji taushi?"

Ya yi wata dariya mai tsawo, wadda ban fahimce ta ba a lokacin.

Dabarata mai sauƙi ce: magajin kujera dole ya zo da ƙahon da ya fi na kowa ƙyalli, ciki da waje. Matsalar ita ce dokar ƙungiya. Kayan busa a kabad ɗin makaranta suke kwana, ba mai kai su gida, ba mai kwance su sai Makaniki, wanda ke busa babban ƙahon nan mai kama da bututun hayaƙin jirgi. Sai na je garejinsa na ce ina so in zana tambarin ƙungiya a jikin akwatin ƙahona, kyauta.

Ya fito daga ƙarƙashin mota ya dube ni. "Akwatin kawai?"

"Akwatin kawai."

"Kada ka taɓa cikinsa."

"Haba Makaniki, ni yaro ne?"

"Da yaro ne da na fi samun natsuwa." Ya miƙo mini makullin kabad.

Ranar Alhamis da hantsi na jawo bahon wankin matata zuwa tsakar gida, na cika shi da ruwan ɗumi, na zazzaga garin sabulu har kumfa ya kai mini gwiwar hannu. Matata ta fito daga kicin da ludayi.

"Baban yara, me zan gani? 'Ya'yanka huɗu ba ka taɓa yi wa ko ɗaya wanka ba, yau ƙarfe ne ya ci sa'a?"

"Su 'ya'yan sun taɓa kai ni kujerar gaba?"

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ka sani."

"Tafiyar sai jibi."

Na tsoma ƙaho, na ɗura ruwa ta babban bakinsa, ina jiran ya fito ta ɗaya gefen. Ya ƙi fitowa, sai ɗigo-ɗigo. Na lanƙwasa waya na zura. Ta kama wani abu can cikin lungu. Na ja, ya ƙi. Na taka ƙahon da ƙafa na sake ja, sai ga ni zaune daɓas a cikin kwata, riƙe da wani abu kamar mataccen ɓera.

Tsumma ne. Tsohuwar singileti, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da zare gida uku. Wannan ba aikin iska ba ne, ba kuma na ɓera ba. Hannun mutum ne, mutum mai natsuwa.

Na zazzage ruwan, na kai bakina, na busa.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Kwanon rufi ya amsa. Murfin tukunya ya faɗo a kicin. Kajin maƙwabcina suka tashi gaba ɗaya kamar an jefa musu kyanwa, ɗaya ta tsallako katanga ta faɗa cikin bahon. Can bakin titi wani mai keke ya sauka gefe yana jiran babbar mota ta wuce.

Mai Kaji ya ɗago kai ta saman katanga. "Maƙwabci, lafiya? Saniya kuka saya?"

"Fasaha ce, ba ka san ta ba."

"To fasaharka ta sa kazata ta saki ƙwai a kan tsani. In ta sake kuka, ni da kai sai gaban mai unguwa."

Tsohuwar da ke bene ta turo taga. "Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Iya!"

"To a daina, kada a kira shi."

Duk ban ji zafinsu ba, don idona ya buɗe. Ashe shekara tara zaki nake runguma, wani maƙiyi ya toshe masa maƙogwaro! Wa ke zama kusa da ni? Wa zai ci riba in an danne ni? Na ɗaga singiletin na shinshina. Sabulu kawai na ji, amma a zuciyata hoda ce.

Matata fa, tun da tsumman nan ya fito ba ta yi dariya ba, ita da ke dariya ko na yi tuntuɓe. Ta ce a hankali, "Baban yara, ka mayar da shi inda ka same shi."

"Ƙahon?"

"Duka biyun."

"Ke ba ki san hassada ba. Ranar Asabar gari zai ji abin da aka ɓoye masa. In an zo wurin Baba, ba zan jira Nas ba. Tashi zan yi in karɓe. Jama'a da kansu za su ɗora ni a kujera."

Ta ce, "Allah ya kai mu," ta koma kicin ta rufe ƙofa, abin da ba ta taɓa yi da rana ba.

Tun da na fara, na ce bari in gama. Ƙaho yana da maɓallai uku da ake dannawa da yatsu, kowanne da dogon ƙarfe mai huji-huji a ƙarƙashinsa, Makaniki na kiransu fistin. Na zare su duka, na wanke, na shanya a kan tabarma. Daga baya aka gaya mini kowanne da lambarsa a jiki, ɗaya, biyu, uku, kuma kowanne da raminsa. Ƙananan lambobi ne ƙwarai. Ina da tabarau, amma suna ƙara mini shekara goma, don haka suna zaune a aljihun wata riga da ba na sawa. Na dube su, duk kamarsu ɗaya, kamar 'yan uku. Na mayar da su yadda hannuna ya ga dama. Man da Makaniki ke ɗiga musu yana garejinsa, ni kuwa ina da man girki a gida. Mai ai mai ne.

Ban sake gwadawa ba. Mai Kaji na tsaye a bakin katanga da taɓarya, wai yana gyaran akurki.

Ranar Juma'a a wurin gwaji na yi wayo. In na busa, maƙiyi zai gane na gano shi. Sai na kumbura kumatu, na motsa yatsu a saman maɓallai ba tare da na danna ba, ban saki ko numfashin sauro ba. Awa biyu cur. Da muka gama Hedimasta ya dafa kafaɗata.

"Mai Fenti, yau ka fi kullum."

Na ce, "Ai ba a ji komai ba tukuna, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Haka muke so."

Na juya na ce da ƙarfi, don mai kunne ya ji, "Wai ni kam, a cikinku wa singiletinsa ta ɓata?"

Nas ta shiga goge begilarta. Tela, mai babbar ganga, ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba shi da igiya. Mutum goma sha shida kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Na ce a raina, dubi yadda suke jin kunyar abin da Mai Aski ya yi.

Makaniki ya tare ni a ƙofa. "Ba ka taɓa cikinsa ba ko?"

"Ka ga alamar na taɓa?"

"Na ga babu tambari a akwati. Kuma kana warin suya."

"Fentin bai iso ba," na ce, na wuce. Kafin in tafi na rubuta a allon labarai da manyan baƙaƙe: GOBE GARI ZAI JI ABIN DA BAI TAƁA JI BA. A wannan kam ba wanda zai ce na yi ƙarya.

Asabar da safe aka kafa rumfa a gindin gada. Jama'a maƙil, har saman motoci. An ɗaura jan ƙyalle a bakin matakala, babban baƙo na tsaye da almakashi a hannu ɗaya, makirufo mai doguwar waya a ɗaya hannun. Muka zauna cikin fararen kayanmu masu maɓallan zinariya. Kujerar gaba ba kowa, sai hular Baba Giɓi da aka ɗora don girmamawa. Shi kansa yana cikin 'yan kallo, kusa da matata.

Na buɗe akwati, sai na ga layin tururuwa daga hannun akwatin har cikin maɓallai. Sun ji labarin man girki. Na hure waɗanda na gani.

Waƙa ta farko da ta biyu na yi irin ta jiya, kumatu kawai. Wata tururuwa ta hau leɓena ta yi abin da ya kawo ta. Na daure, mai neman sarauta ba ya susa.

Sai waƙa ta uku, mai sanyi, wadda za a yanka ƙyalle a tsakiyarta. Ganguna suka yi ƙasa. Hedimasta ya juya ga Nas, ya ɗaga sanda. Ta ja numfashi.

Na miƙe.

Na taka zuwa gaba, na tsaya daidai kujerar Baba, na ɗan juya gefen da fuskata ta fi kyau saboda mai hoto. Hedimasta ya zaro ido. Na ji Makaniki daga baya yana cewa, "Wayyo, ku riƙe shi." Na cika ƙirji, na busa.

Shiru.

Iska ta ƙi shiga. Kamar ina hura bango. Na ƙara ƙarfi, kumatuna suka kai kunne, jijiyar wuya ta tashi, idanuna suka fara ganin taurari. Mutum ɗari biyar suna kallon wani ƙato ya rungumi ƙarfe yana kumbura. Nas ta tsaya da begila a baki, ta rasa ko ta busa ko ta zo ta duba ni.

Wata mata a gaba ta ce, "Shaƙewa ya yi! A buga masa baya!"

Na danna maɓalli na farko. Babu. Na biyu. Babu. Zuciya ta ɗebe ni, na danne ukun gaba ɗaya, na tura duk iskar da na tara tun ranar Alhamis.

Hanya ta buɗe.

Abin da ya fara fitowa ba sauti ba ne, ragowar ruwan wanka ne da ya laɓe a lungunan ƙahon. Ya tashi sama kamar famfo ya fashe, ya sauko a kan Hedimasta da takardunsa. Bayansa kumfa, bayan kumfa kuma muryar. Wata irin gurnani mai kurkure, kamar raƙumi na wanke baki. Na saki yatsu in canza, maɓallai suka ƙi tasowa. Man girki ya riƙe su gam. Murya ɗaya tilo, ba gaba ba baya.

Babban baƙo ya zabura ya datse abin da ke kusa da almakashinsa. Wayar makirufo ce. Lasifika ta yi ƙara ta mutu. Tela ya ɗauka alamar tashi ce, ya narka wa babbar ganga duka, rabin ƙungiya suka faɗa waƙar maci, rabi suna kan mai sanyi. Direbobin da aka tsayar a titi suka ji kamar ɗan'uwansu na kira, suka amsa da hon gaba ɗaya. Ƙwallayen kumfa na yawo a saman rumfa, yara na tsalle suna kamawa. Jama'a suka ga ba mai yanka ƙyalle, suka ɗaga shi suka bi ta ƙarƙashi suka haye gada. Haka aka buɗe ta.

Ni kuwa ban daina ba, sai da Makaniki ya zo ta baya ya zare bakin ƙahon daga leɓena kamar mai cire wa yaro cokali.

A ɗakin taron makaranta aka yi zaman. Hedimasta na zaune, kumfa na bushewa a girarsa. Ban jira a tuhume ni ba, na zaro singiletin daga aljihu na ɗaga sama.

"Kafin a ce komai, ga shaida! Shekara tara ana toshe ni. Mai Aski, rantse ba ka san wannan ba!"

Mai Aski ya ce, "Na san ta mana. Watan jiya ni na riƙe fitila Makaniki ya tura."

Ban shirya wa amsa da sauri haka ba.

Hedimasta ya share fuska ya ce, "Duk wanda ya san da tsumman nan, ya ɗaga hannu."

Mutum goma sha shida suka ɗaga hannu. Baba Giɓi ya ɗaga biyu. Na waiwaya ƙofa in nemi mai tausaya mini, sai ga matata a tsaye, hannunta a sama, da ɗan guntun murmushi.

"Har da ke?"

"Singiletinka ce ai, Baban yara. Duk wata shida nake ba su sabuwa. Ba ka taɓa tambayar inda suke tafiya ba?"

"Na ɗauka a shanya ake sacewa!"

Hedimasta ya ce, "Zauna, Mai Fenti. Ranar da ka fara zuwa, ka busa sau ɗaya, agogon bangon can ya tsaya, har yau bai tashi ba. Muka yi shawara bayan ka tafi. Wasu suka ce a sallame ka."

Baba Giɓi ya ce, "Ni na fe a'a. Mutumin kirki ne, fai dai ƙahon."

"Ba ka taɓa fashi ba," in ji Hedimasta. "Kai ke jera kujeru, kai ke zuwa dubiya in wani ya kwanta, kai ke sa mu dariya ko ba ka yi niyya ba. Kuma kayan ƙungiya sun fi yi maka kyau fiye da kowa."

Na ce, "Wannan na ƙarshen gaskiya ne."

"Kujerar gaba ta Mai Aski ce. Kai kuma zaɓi biyu gare ka: ko tsumma ya koma, ko kai ka koma."

Na dubi kujerun yaran nan da suka lalata mini gwiwa. Na tuna Talata da Juma'a, in zauna a gida ina kallon katangar Mai Kaji.

Matata ta ce, "Don Allah Hedimasta, ku yi haƙuri ku riƙe shi. Awa huɗun nan a mako su ne hutuna."

Na miƙe, na gyara kwala. "Ina da sharaɗi. Singileti ba za ta sake shiga ƙahona ba. Mutum mai matsayi irina, in za a toshe shi, a toshe shi da mutunci. Karan-miski nake so."

Tela ya ce, "Akwai ragowa a shago. Wane launi?"

"Ja. Da ɗinkin zare mai ruwan zinariya a baki."

"Ba wanda zai gani fa, can cikin lungu zai zauna."

"Ni zan sani."

Aka kaɗa ƙuri'a, kowa ya yarda, har da Mai Aski, wanda ya ce in ana so shi zai ƙara auduga. Makaniki ya kwana biyu yana fitar da man girki da gawarwakin tururuwa, bai yi mini magana ba sai da ya gama, sannan ya yi da yawa.

Yanzu ina sahu na biyu, da jan karan-miski a cikin ƙaho, dab da bayan sabon mai kujera. In ya tashi busa shi kaɗai, jama'a fuskarsa suke gani, ni kuwa ƙeyarsa. A tsakiyarta akwai wani fili da ya fara buɗewa, faɗinsa kamar murfin kwalba, kuma duk mako yana ƙaruwa. Mai aski ba ya ganin ƙeyar kansa. Ni ma ban gaya masa ba. Ai ni mutum ne mai taushi.